Endometiriyosis da garkuwar jiki: me ya sa jiki ke renon abin da ya kamata ya share?

Tun da sunan endometiriyosis ya fara fitowa daga bakin likitocinmu, tambaya ɗaya ke yawo tsakanin mata: idan gaskiya ne ciwon yana da alaƙa da garkuwar jiki, ashe ba sai a sha maganin ƙara garkuwa a huta ba? Wasu kuma da jin an ambaci garkuwar jiki sai gabansu ya faɗi, domin kunnenmu ya saba jin zancenta tare da ƙanjamau. Akwai ɓangare na uku, wanda ya fi kowanne yawa daga Birnin Kebbi har Yawuri, masu cewa duk wannan dogon Turanci ne, ciwon mara dai sanyi ne, maganin sanyi kuwa yana kemis.

Duka ukun sun kauce hanya, kuma a kan mata abin yake ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan matan da ke shekarun haihuwa suna da wannan ciwo, kimanin mutum miliyan 190. A ƙasashe da dama mace takan yi shekara 7 zuwa 10 tana fama kafin a gano abin da ke damunta.

A fara cire tsoro: endometiriyosis ba shi da haɗi da ƙanjamau, ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa ta saduwa ko ta banɗaki, kuma mai shi ba ta fi sauran mata saurin kamuwa da mura ko zazzaɓi don garkuwarta ta karye ba. Garkuwar tana nan da ƙarfinta. Matsalar ita ce aikin da take yi a cikin mara, da wanda take yi wa aikin.

Ciwon da ake magana a kai

A cikin mahaifa akwai shimfiɗa mai taushi da ke yin kauri kowane wata don shirin karɓar ciki. Idan ciki bai shiga ba sai ta saɓule ta fito, ita ce jinin al'ada. Endometiriyosis shi ne nama mai kama da wannan shimfiɗa ya tsiro a wajen mahaifa: a kan ma'ajiyar ƙwai, a tantanin da ya lulluɓe cikin mara, a lungun da ke tsakanin mahaifa da dubura, wani lokaci a jikin hanji ko mafitsara. Jefi-jefi akan same shi a cibiya, a tabon tiyatar haihuwa, har a ƙirji kusa da huhu.

Wannan tsiro yana jin kiran sinadarin estirojin, wanda ke tafiyar da al'adar mace. Yana kumbura, yana tsattsafar da jini, amma jinin ba shi da ƙofar fita. Likitan da ya zura kyamara ta ɗan rami kusa da cibiya, aikin da ake kira lafaroskofi, yakan tarar da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jikin tantani, wasu ja, wasu sun yi farin tabo sun tattare naman da ke kewaye da su. A ma'ajiyar ƙwai yakan ga jaka cike da tsohon jini mai kauri kalar cakulan. Idan ciwon ya yi nisa, zare-zaren tabo sun ɗinke mahaifa da hanji da ma'ajiyar ƙwai wuri guda, abubuwan da ya kamata kowanne ya riƙa zamewa a sake.

Akwai abin da ya daɗe yana ba likitoci mamaki. Wata za a ga ɗigo uku kacal a cikinta, amma duk wata sai ta yi birgima tana amai. Wata kuma marar ta cika da tsiro, ba ta san da shi ba sai da ta zo neman haihuwa. Yawan tsiron bai nuna yawan zafin. Wannan kaɗai ya isa a gane cewa ba naman ne kawai ke aiki ba, akwai masu taya shi.

Jinin da ke komawa baya

A 1927 wani likitan mata Ba'amurke, John Sampson, ya kawo bayanin da har yau shi ne kan gaba. Ya ce lokacin al'ada ba duk jinin ne ke fitowa waje ba. Wani yana bi ta bututun mahaifa ya koma baya, ya zuba cikin mara ɗauke da guntayen shimfiɗar mahaifa masu rai, su manne su tsiro.

Sai dai a 1984 wani bincike da aka yi ta lafaroskofi a lokacin al'ada ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na matan da bututunsu ke buɗe suna da wannan jini mai komawa baya. Ke nan abu ne da ke faruwa da kusan kowace mace. To me ya sa mace ɗaya cikin goma ce kawai guntayen ke kamawa a jikinta? Daga nan ne masu bincike suka juya ga garkuwar jiki, domin a sauran matan ita ce ke share wurin kafin wani abu ya kama.

Bayanin Sampson bai rufe komai ba. Bai gamsar a kan wanda ake samu a huhu ba, shi ya sa wasu ke ganin guntayen suna bin hanyoyin jini, wasu kuma suna cewa ƙwayoyin tantanin ne da kansu ke rikiɗa. Gado ma yana da hannu sosai: binciken tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin daga gado yake, kuma wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ke da shi ta fi kusa da samunsa. Idan uwa ta ce wa ɗiyarta ai ni ma haka na yi fama, maganar tata dalili ce ta zuwa asibiti da wuri.

Masu haɗiya da suka koma masu reno

A cikin mara akwai ɗan ruwa da gaɓoɓi ke zamewa a cikinsa, kuma yana cike da fararen ƙwayoyin jini. Waɗanda suka fi yawa su ne makrofaj, manyan ƙwayoyi masu haɗiye duk abin da ya mutu ko ya shigo inda bai kamata ba. Suna da aiki na biyu da mutane ba su cika sani ba: su ne magina a wurin rauni. Idan wuƙa ta yanke ka, su ne ke share wurin, sannan su kira sababbin hanyoyin jini su shigo, su sa nama ya toho, tabo ya rufe.

A marar mai endometiriyosis makrofaj sun fi yawa, kuma a tashe suke. Da ƙarancinsu ne matsalar, da zancen ƙara garkuwa ya yi ma'ana. Abin da aka gano shi ne haɗiyarsu ta ragu, gininsu ya ƙaru. Ƙwayoyin tsiron suna ɗauke da wata alama mai suna CD47 fiye da ƙima, alamar da ke gaya wa makrofaj kada ta haɗiye mai ita. Ga kuma tsohon jini da ke taruwa wata bayan wata yana ruɓewa yana sakin sinadarin ƙarfe, wanda ke cika makrofaj ya kuma ƙona ƙwayoyin da ke kusa. Abin da makrofaj ke gani a gabanta shi ne nama mai zubar jini, wato rauni. Sai ta yi abin da ta saba yi wa rauni. Ta saki sinadarin VEGF da ke jawo sababbin hanyoyin jini zuwa ga tsiron, ta saki TGF-beta da ke haɗa tabo, ta saki irin su TNF da IL-6 da IL-8 da ke hura kumburi su kira ƙarin fararen ƙwayoyi.

Kamar a ce an tura dogari ya tashi wanda ya kafa bukka a gonar da ba tasa ba. Ya isa ya tarar da shi jina-jina, ya ɗauka mai neman agaji ne, sai ya ajiye sanda ya shiga taya shi kafa, ya haƙa masa rijiya, ya aika a kira wasu dogarai su zo su taimaka. Ƙara yawan dogarai a irin wannan gona ƙara wa mai bukka ma'aikata ne.

Raunin gaskiya yana warkewa, magina su tafi. Wannan kuwa duk wata sai ya sake zubar da jini, aikin gyara ya koma farko, tabo ya hau kan tabo. Da yawa daga tsofaffin tsiron, idan aka duba su a madubin likita, akasarinsu tabo ne da jijiyoyi da hanyoyin jini, ainihin naman mai kama da na mahaifa ɗan kaɗan ne.

Akwai wasu ƙwayoyin da ake kira NK, waɗanda aikinsu kashe ƙwayar jiki da ta lalace ko ta kauce wurinta. A 1991 masu bincike a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka nuna cewa ƙarfin kisan NK ya ragu a matan da ke da wannan ciwo. Daga baya aka ga cewa tsiron da ruwan da ke kewaye da shi suna fitar da sinadaran da ke sanyaya musu gwiwa. Haka ma an ga sauyi a ƙwayoyin da aikinsu kwantar da sauran garkuwa, sun taru a inda tsiron yake suna ba shi inuwa.

Daga ina zafin yake fitowa?

Kumburi a nan ba tashin fata kawai ake nufi ba. Yanayi ne da jiki ke shiga a wurin rauni, na zafi da raɗaɗi da taruwar ruwa. Cikin sinadaran da ke kawo shi akwai furostagilandin, wanda shi ne ke murɗa mahaifa lokacin al'ada. A cikin tsiron endometiriyosis an sami wani zagaye da ke ciyar da kansa. Furostagilandin yana tayar da wani sinadari mai suna aromatez, shi kuma yana ƙera estirojin a cikin tsiron kansa. Estirojin ɗin yana sa tsiron girma, yana kuma ƙara samar da furostagilandin. Sinadarin furojestaron, wanda a ƙa'ida shi ke taka wa estirojin burki ya kwantar da kumburi, tsiron ba ya jin maganarsa yadda ya kamata.

Sai jijiyoyin jin zafi. Ba hanyoyin jini kaɗai makrofaj ke jawowa ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Edinbara suka nuna cewa makrofaj ɗin da ciwon ya juya suna fitar da sinadarin IGF-1, wanda ke sa jijiyoyi su tsiro cikin naman su kuma ƙara saurin jin zafi. A 2024 wani binciken a Boston ya nuna maganar tana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma: jijiyoyin suna sakin sinadarin CGRP da ke karkatar da makrofaj zuwa renon tsiron. Da aka ba ɓeraye magungunan ciwon ɓarin kai masu toshe wannan hanya, zafi ya ragu, tsiron ya ƙanƙance.

Wannan ɓangare ne ya fi tsaya mini a rai, saboda abin da yake nufi ga yarinyar da ake cewa tana da raki. Jijiyar da ta yi shekaru tana aika saƙon zafi takan canza. Laka da ƙwaƙwalwa su ma sukan koyi jin zafin, har ya kai wanda da yake zuwa da al'ada kawai ya zama na kullum, wani lokaci ya ci gaba ko bayan an cire tsiron. Shekarun da ake cewa yi haƙuri, duk mace haka take, suna barin alama a jiki.

Garkuwa ce ta fara kuskure, ko ciwon ne ya juya ta?

A nan masana sun rabu. Wasu suna ganin akwai matan da tun asali garkuwarsu ba ta share mara da kyau. Hujjarsu ita ce cututtukan da garkuwa ke yaƙar jikin mai ita, irin su lufus da sanyin gaɓoɓi mai kumburi da wasu cututtukan maƙoƙo da na hanji, sun fi yawa a masu endometiriyosis. Babban binciken gado da Jami'ar Oxford ta jagoranta a 2023, wanda ya duba mata sama da 60,000 masu ciwon, ya gano wurare 42 a ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da shi, ya kuma ga yana tarayya a gado da ciwon ɓarin kai da ciwon baya da asma.

Wasu kuma suna cewa tsiron ne ke zuwa da dabararsa, sauyin garkuwa ya biyo baya. A cibiyar binciken birai ta Nairobi an yi shekaru ana dasa irin wannan nama a marar gwaggon biri mai lafiya, kuma an ga kumburi ya tashi bayan dashen. An zaɓi biri ne saboda yana al'ada kamar mutum. Ɓeran ɗakin gwaji ba ya yi, shi ya sa duk labarin da aka ce an warkar da ɓera sai a karɓe shi da taka-tsantsan.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma ga mai ciwo a Jega ko Zuru abin da ya fi muhimmanci shi ne sakamakon gwaji. Har yanzu ba a sanya endometiriyosis cikin jerin cututtukan da garkuwa ke yaƙar jiki ba. A 2008 an gwada wani ƙaƙƙarfan magani mai toshe TNF, infilikzimab, a kan mata 21 masu tsiro mai zurfi, bai fi allurar da ba ta ɗauke da magani rage zafi ba. A 2023 masu bincike a Japan suka ba birai wani magani mai toshe IL-8, tsiro da tabo suka ragu, amma wannan bai zama maganin da likita zai rubuta ba tukuna. Idan masana da ke auna sinadari ɗaya-ɗaya suna nan suna lalube, mai gora a bayan mota da lasifika da ke cewa haɗinsa yana ƙara garkuwa ya wanke mahaifa ba shi da abin da zai nuna. Babu wani haɗi ko ƙwayar ƙarin kuzari da aka tabbatar yana kawar da wannan tsiro.

To, sanyi ne ko ba sanyi ba?

Ku tsaya a bakin kowane kemis bayan magariba. Uwa ce za ta zo da hijabi, ta rage murya: "Malam, ɗiyata ce, wanga ciwon mara ya taso mata kuma, tun jiya ba ta miƙe ba." Mai kemis bai ga yarinyar ba. Ya ce, "Sanyi ne, Hajiya," ya ƙirga Flagyl da wani kafso cikin leda, ya haɗa da diklofenak. Bayan kwana huɗu al'ada ta ɗauke, zafi ya lafa, kowa ya ce magani ya yi. Wata mai zuwa a dawo a sake. Ba mugunta ce ta sa shi ba, abin da ya sani ke nan, amma yarinyar za ta iya shekara biyar a haka.

Wannan ruɗani ba a nan ya fara ba. A 1938 wani sanannen likita a Boston, Joe Meigs, ya danganta ciwon da fararen mata masu hali da ke jinkirta haihuwa, kuma aka yi shekaru ana koyar da cewa baƙar mace ba ta cika samunsa ba. Duk baƙar macen da ta zo da ciwon mara sai a ce ƙwayar cuta ce ta shiga. A 1976 Donald Chatman, likitan mata a Chicago, ya nuna cewa da yawa daga baƙaƙen matan da aka yi wa wannan hukunci endometiriyosis ke damunsu. A gida ma, binciken da aka buga a 2015 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya same shi a kashi 48 cikin 100 na matan da aka yi wa lafaroskofi. Waɗannan mata ne da dama suka zo da matsala, don haka adadin ba na dukkan mata ba ne, amma ya isa ya kashe zancen cewa ciwon Turawa ne.

Akwai wani bincike da masu cewa sanyi ne za su so ji, kuma adalci ne a kawo shi. A 2023 masana a Jami'ar Nagoya ta Japan suka sami wata ƙwayar cuta mai suna Fusobacterium a shimfiɗar mahaifar kashi 64 cikin 100 na masu ciwon, alhali a marasa shi ba ta kai kashi 10 ba. A ɓeraye, ƙwayar ta tayar da makrofaj suka saki TGF-beta, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ya rage tsiron. Abin lura ne sosai, kuma ya sake nuna makrofaj a tsakiyar lamarin. Amma ba a tabbatar da cewa antibayotik yana warkar da mace ba, kuma matanmu da suka shekara suna shansa duk wata ba su rabu da ciwon ba. Abin da shan barkatai ke jawowa tabbas shi ne ƙwayoyin cuta su daina jin magani ranar da ake buƙatarsa.

Ciwon sanyi na gaskiya yana nan, yana toshe bututun mahaifa, kuma yana buƙatar magani ga mata da miji tare. A garuruwan bakin ruwa kamar Argungu da Yawuri akwai kuma tsargiya, wadda ƙwayayenta ke iya zama a al'aurar mace da mahaifa su kawo ciwon mara da zubar jini da rashin haihuwa. Tarin fuka ma yana sauka mara. Kowanne da maganinsa daban, kuma gwaji ne ke rarrabe su.

Haihuwa da zaman aure

Kimanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na masu wannan ciwo suna samun wahalar ɗaukar ciki. Sauran suna haihuwa, wasu ma ba tare da sun san suna da shi ba. Inda aka sami matsala, hannun garkuwa yana ciki. Tabo yana lanƙwasa bututun ko ya raba shi da ma'ajiyar ƙwai. Ruwan mara da ya cika da sinadaran kumburi ba ya yi wa ƙwai da maniyyi daɗi, har an ga makrofaj ɗin masu ciwon suna haɗiye maniyyi fiye da na sauran mata. Jakar tsohon jini kuma tana cin lafiyayyen naman ma'ajiyar ƙwai.

Maganar da aka fi gaya wa budurwa ita ce in kin yi aure zai bari. Aure ba ya taɓa tsiron. Ciki da shayarwa suna dakatar da al'ada, don haka zafi yakan lafa, amma sau da yawa yana dawowa. Gaskiya ne yawan zagayowar al'ada yana ƙara haɗari. Binciken da aka yi a kan matan Dogon na ƙasar Mali ya nuna suna yin al'ada kusan sau 100 a rayuwarsu saboda yawan ciki da doguwar shayarwa, matan Amurka kuwa kusan sau 400. Wannan na iya sa ciwon ya ɓuya a gidajen da ake haihuwa da yawa. Amma wadda ciwon ya hana ɗaukar ciki ita ce ke yin al'ada wata bayan wata ba hutu, ita ce kuma ake kira juya a yi mata kishiya, alhali ba wanda ya taɓa duba cikinta.

Akwai abin da kunya ke hana faɗi. Tsiron da ke bayan mahaifa yana sa saduwa ta zama azaba, zafi can ciki da kan ci gaba sa'o'i bayan an gama. Mace ta fara gudun shimfiɗa, miji ya ɗauka ƙi ne, dangi su ce jinnul ashiƙ ne ko sammu. Idan kuma cibiya ce ke zubar da jini duk wata, ba mai sauraron wani bayani sai na jifa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma malamai na gari da kansu suna cewa a nemi magani. Miji da ya ji matarsa ta ce tana jin zafi, ya yarda da ita, ya kai ta wurin likitan mata.

Abin da ke hannu yanzu

Ba a sami maganin da ke kawar da ciwon gaba ɗaya ba, amma akwai masu sauƙaƙa shi ƙwarai, kuma duk suna aiki ne a kan zagayen da aka bayyana. Irin su ibufurofen da diklofenak suna rage samar da furostagilandin. Sun fi aiki idan aka fara da zarar alama ta bayyana, kuma haɗa biyu ko uku a lokaci guda, ko sha da yunwa, yana jawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda. Tiramadol ba abin da za a saya a sha da kai ba ne.

Mataki na gaba shi ne magungunan homon, wato sinadarai irin waɗanda ke tafiyar da al'ada, da ke rage ƙarfin estirojin ko su tsayar da al'ada: ƙwayoyin sha, allurar wata uku, ashanar hannu, robar mahaifa mai homon, da wasu masu ƙarfi da likita kaɗai ke bayarwa. A nan ake samun cikas a gidajenmu, domin yawancinsu su ne na tazarar haihuwa. Uwa ta ga an rubuta wa budurwarta ƙwayar tsarin iyali, hankalinta ya tashi. Dalilin shi ne idan al'ada ta tsaya, raunin ya daina sabuntawa, makrofaj su sami sararin lafawa. Ba sa kashe mahaifa. Haihuwa tana dawowa bayan an daina, ko da yake allurar wata uku takan ja wasu watanni. Wadda ke neman ciki yanzu kuwa ta faɗa wa likita tun farko, don hanyarta daban ce: tiyatar cire tsiro da warware tabo, ko taimakon ɗaukar ciki. Tiyatar tana taimaka wa da yawa, amma ciwon yana iya dawowa, kuma yawan yanka ma'ajiyar ƙwai yana rage ƙwai.

Da can sai an yi lafaroskofi ake tabbatar da ciwon. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta fitar a 2022 sun yarda a dogara da bayanin mai ciwo da hoton sikanin ko MRI a fara magani. Wannan sauƙi ne babba ga wuri irin namu. A sani kuma cewa sikanin yana ganin jakar tsohon jini, amma ba ya ganin ƙananan ɗigon da ke jikin tantani. Takardar da ta ce komai lafiya ba ta wanke mace daga ciwon ba.

Wadda ciwon al'ada ke hana ta makaranta ko girki ko kasuwa, ko take jin zafi wurin saduwa, ko wurin bahaya da fitsari a kwanakin al'ada, ko ta shekara da miji ba ciki, ta nemi sashen mata da haihuwa a babban asibitin garinsu. Daga nan ana iya tura ta Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ta tafi da rubutun wata uku: ranar da zafi ya fara, inda yake, abin da ya hana ta yi, da duk maganin da ta sha har na gargajiya. Wadda kuma ke jin sukar ƙirji ta dama da ƙarancin numfashi, ko tarin jini, daidai lokacin al'ada, kada ta jira wata uku. Ta je a ranar, ta kuma gaya wa likita a fili cewa abin yana zuwa ne tare da al'adarta.